Ƙofar Sunkuya da Gidan Magina

A zamanin Sarki Jatau ɗan Barau, wanda ya hau gadon Birnin Taramniya yana ɗan shekara ashirin da shida, abin da baƙo ke fara sani game da birnin shi ne ƙofarsa ta gabas. Ƙofar Sunkuya ake ce mata. Ganuwa ta kai tsawon mutum biyar a wurin, amma ƙofar da aka bari a jikinta gajeriya ce, matsattsiya. Mai tafiya a ƙasa sai ya sunkuyar da kai, mai doki sai ya sauka ya ja linzami. Sarki ma sauka yake yi. Sauran ɓangarorin birnin dutse ne da fadama, saboda haka duk mai nufin Taramniya, da alheri ko da sharri, ta nan zai bi.

A kafaɗar ƙofar ta arewa akwai wani tsohon gida, Gidan Magina. Nomau, maginin sarki na farko, shi ya gina ƙofar da gidan a shekara guda, kuma da gangan ya sa suka haɗa bango ɗaya. Ya ce duk jikansa da ya yi wa ƙofar birni ha'inci, gidansa ne zai fara faɗo masa a ka. Daga nan al'ada ta kafu: Sarkin Magina a wannan gida yake zama, in kuwa ƙofa ta faɗi a hannunsa, sarauta ta bar shi da zuriyarsa har abada. Duk wanda aka naɗa sai ya danna tafin hannunsa a ɗanyen yaɓe a bangon zaure. Na Nomau yana can sama, ya kusa shafewa. Na tara, a ƙasa, shi ne na Arzika.

Arzika gajere ne mai faɗin kafaɗa, ya haura sittin. Ba ya zuwa fada sai an kira shi, domin a ganinsa mutanen fada ba su iya komai ba sai naɗa rawani da cewa "haka ne". Ba ɗaya a cikinsu da zai iya ɗora tubali uku su kwana a tsaye.

Wata Alhamis da hantsi, a tsakiyar bazara, yana saman ƙofar yana duba tsaga, sai ga manzon Sarkin Ƙirya ya iso da mahaya shida. Ƙirya da Taramniya sun yi sarauta uku suna yaƙi. Manzon dogo ne mai jan rawani, Cindo sunansa. Ya sauka daga doki kamar kowa, amma bai shiga nan da nan ba. Ya jingina mashinsa a jikin ƙofar, wai yana gyara takalmi. Ya sake kwantar da mashin a ƙasa daga wannan gefe zuwa wancan, wai ya suɓuce masa. Da zai wuce kuma, Arzika ya ga leɓensa yana motsi da kowane taki.

Shekara arba'in Arzika yana awo. In ya ga mai awo ya san shi.

Bayan azahar aka kira majalisa, aka ce har da Sarkin Magina. Ya zauna can baya kusa da ƙofa, inda masu sana'a ke zama. Sarki yana bisa gado. A damansa tsohon Galadima yana gyangyaɗi. A hagunsa Kaura Barmo, shugaban yaƙi, ya baza riga mai aska tara, yana shafa gemun da ya sha lalle. Shekara huɗu da naɗa shi, kuma duk yaƙin da ya yi bai wuce korar ɓarayin shanu ba.

Manzo ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, zakin Taramniya. Ubangijina Sarkin Ƙirya yana gaishe ka gaisuwar ɗan'uwa. Ya ce jinin da ya zuba tsakanin garuruwan nan biyu ya isa. Nan da kwana arba'in zai taso da kansa, ya zo har fadarka, ku sha ruwa a ƙwarya ɗaya. Sai dai abu guda. Sarkin Ƙirya bai taɓa sauka daga doki saboda ƙofa ba, bai kuma taɓa sunkuya wa ginin laka ba. Ni bawa ne, ko da rarrafe aka ce in shigo zan shigo. Amma in na koma aka tambaye ni inda na je, me zan ce? In ce na shiga birni, ko in ce na shiga akurki?"

Fada ta ɗauki guna-guni. Dogarai suka dafa takubba. Sarki ya ɗaga hannu, amma Arzika ya ga yadda kalmar ta shige shi. Aka fitar da manzo zuwa masauki.

Kaura ya miƙe zaune ya gyara murya. "Allah ya ba ka nasara. Maganar ba ta da daɗi, amma gaskiya ce. Tun ina yaro nake jin kunyar ƙofar nan. Mu dawo daga fagen fama da ganima, makaɗa suna kiɗa, mata suna guɗa, sai a ga Kaura ya sauka yana jan doki kamar mai kai kaya kasuwa. Kakanninmu sun gina ta ne saboda tsoro. Mu ba matsorata ba ne. A rushe ta, a ɗaga ta yadda mahayi zai shiga da mashinsa a tsaye, a faɗaɗa ta dawaki huɗu su jera. Sarkin Ƙirya ya zo ya gani da idonsa."

"Haka ne," in ji fadawa. Galadima ya farka ya ce haka ne shi ma, bai ko san abin da aka ce ba.

Sarki ya dubi baya. "Sarkin Magina, ka ji."

Arzika ya matso ya durƙusa. "Allah ya ja zamanin Sarki, na ji. Ƙofa irin wadda Kaura ya faɗa aikin rani ɗaya ne cur, daga kaka zuwa bazara. Ƙasa sai ta kwana bakwai a kwaɓe kafin a taɓa ta. Tubali sai ya sha rana ya yi ƙara in an ƙwanƙwasa shi. Kowane hawa na gini sai ya bushe kafin a ɗora masa wani. Kwana arba'in ba za su ba mu ƙofa ba, sai dai su ba mu tarin laka mai kama da ƙofa. Kuma tsofaffin ƙyauren ba za su rufe sabon baki ba. Bayan haka, ranka ya daɗe, manzon nan ba gaisuwa ce ta kawo shi ba. Na gan shi da idona yana auna ƙofar da mashi, yana ƙirga takinta. Mai zuwa sulhu ba ya awo."

Kaura ya tuntsire da dariya, fadawa suka taya shi. "Ku ji fa! Tun yaushe mai kwaɓa laka ya fara karanta zuciyar sarakuna? Tsoho, ka faɗi gaskiya. Gidanka kake ji wa, wancan kangon da ya manne wa ƙofarmu kamar kaska."

"Gidana da ƙofar bango ɗaya ne, Kaura. Ba na iya jin tsoron ɗaya in bar ɗaya."

"To, in aikin ya fi ƙarfinka, akwai magina a Ƙirya. Sai mu roƙi aro."

Aka sake dariya. Sarki bai yi ba. Ya ce, "Arzika, kakanninka sun yi wa kakannina aiki, ba na mantawa. Amma ba za a kira garin ubana akurki ba ina raye. Kwana arba'in. In za ka yi, ka fara gobe. In ba za ka yi ba, ka fita daga gidan, in sa wanda zai yi."

Arzika ya sa goshi a ƙasa. In ya ƙi, gida ya tafi yau. In ya yi ƙofar ta faɗi, gida da sarauta sun tafi gaba ɗaya. Ya ce, "Na karɓa, ranka ya daɗe."

A gida ya tarar da yayarsa Tasalla a tsakar gida tana dakan ɓawon ɗorawa, wanda ake haɗa makuba da shi don yaɓen da ruwa ba ya ci. Tun da mijinta ya rasu ta dawo gidan ubansu, kuma ita ke mulkin kowa a ciki, har da Sarkin Magina. Labari ya riga shi isowa.

"An ce ka karɓa," ta ce, ba ta ko daina daka ba.

"Na karɓa, Yaya."

"Kwana arba'in. Ko akurkin kaji Baba bai taɓa yi a kwana arba'in ba."

"To da me zan ce? In ce a'a, gobe ki ga baƙon magini yana kwana a ɗakin Baba?"

"Da ka ce wa Barmo ya zo ya nuna maka. Na san shi tun yana yawo ba wando. Uwarsa ta sha kawo shi nan in cire masa ƙaya, yana ihu kamar ana yanka shi. Yau shi ne mai faɗa wa jikan Nomau tsawon ƙofa." Ta ajiye taɓarya ta dube shi. "Bangon namu fa?"

"Shi zai ɗauki rabin nauyin. Ba yadda zan raba su."

Ta dubi bangon zaure ta daɗe. Sannan ta ɗauki taɓaryarta ta ci gaba.

Washegari aka fara rushe Ƙofar Sunkuya. Kwana huɗu magina arba'in suna saranta kafin ta yarda ta sauko, domin ƙasarta ta zama kamar dutse. Arzika bai bari kowa ya cire azarar saman ba sai shi. Da ya zaro ta, itacen giginyar nan baƙi ƙirin, ko gara ba ta taɓa shi ba. Ya tsaya riƙe da shi, fadawa kuwa suna gefe a inuwa suna tafi.

Aka shiga gini ba hutu. Ƙasar da ya kamata ta kwana bakwai sai ta kwana biyu. Tubali yana da sanyi a ciki ake ɗora shi. Arzika yana ɗorawa yana jin kunyar hannunsa. Da aka zo haɗa bakan sama, ya san ba zai tsaya da kansa ba, sai ya sa aka saro kututturan giginya shida aka tokare shi daga ƙasa, uku a kowane gefe.

Ranar kwana na talatin, shamuwa suka sauka a kan kukar da ke bakin ƙofa. Mai duban fada ya zo da fadawa, ya zana ƙasa, ya ɗaga kai ya ce tsuntsayen baƙi ne masu daraja, alama ce ta babban baƙo da zai kawo wa Taramniya girma. Aka ba shi riga. Arzika yana saman gini ya tofar da yawu. Kowace tsohuwa a garin ta san abin da zuwan shamuwa ke nufi. Ruwa ya kusa.

Ana jibi baƙo zai zo, Kaura ya iso duba aiki a kan wani ingarman doki. Ƙofar ta tashi, an shafe ta da farar ƙasa, daga nesa abin sha'awa. Ya shiga ya fita sau uku da mashi a tsaye, yana murmushi. Sannan ya nuna kututturan da bulala.

"Waɗannan sandunan fa? A kwashe su. Ƙofar sarki ce ko rumfar mai tsire?"

"Su ke riƙe da ita, Kaura. Cikinta ɗanye ne. In ka cire su, ba na ce maka za ta kai la'asar."

"To a rufe su da zannuwa, kada baƙo ya ga abin kunya. Ƙyaure fa?"

"Maƙera sun ce sai wata mai zuwa."

Kaura ya ɗaga kafaɗa. "Wa ke rufe wa ɗan'uwa ƙofa?" Ya zaburi doki ya tafi.

Arzika ya sa aka rufe kututturan da zannuwa kamar yadda aka ce. Amma kafin a rufe, ya ɗaura wa gindin kowanne igiyar rama mai kauri, ya bi da igiyoyin ta jikin bango zuwa cikin gari, ya binne su da yashi. Maginansa suka dube shi, ba wanda ya tambaya. Sun gane.

Ranar kwana na arba'in, da gari ya waye, hadari ya haɗu daga gabas. Ruwan farko ya sauko kamar da bakin ƙwarya, ya cika gwalalo, ramin tsaron da ke bayan ganuwa, ya wanke farar ƙasar ƙofa ta koma jar laka tana zuba. Da hantsi ya ɗauke. Sarki ya hau saman ganuwa da laima don ya ga isowar baƙonsa. Kaura ya fita tarye da mahaya ɗari biyu cikin rigunan ado, ba lifidi, ba sulke, makaɗa a gaba, dakaru a baya.

Arzika ya hau kan soron gidansa. Daga nan ya hango rundunar Ƙirya ta fito daga kurmi. Ba a zuwa gaisuwa da mutum dubu. Suna tafe a jere huɗu-huɗu, daidai faɗin ƙofar da ya gina musu da hannunsa. Da suka kusa, na gaba suka yaye manyan rigunansu, sulke ya bayyana. Tambari ya canza murya.

Abin da ya biyo baya ba a kira shi yaƙi. Makaɗa suka zubar da ganguna. Mahayan Taramniya suka rikice, wannan yana neman takobi a cikin riga, wancan rawani ya warware ya rufe masa ido. Kuma doki na farko da ya juyo da gudu, ya tsere wa kowa da nisa, ingarman Kaura ne.

Arzika ya sauko da sauri. "A fitar da kowa daga gidan! Mata da yara, ku yi yamma! Magina, ku tono igiya!"

Gida ya fashe da kuka, aka yi ta fita da abin da hannu ya kama. Tasalla kaɗai ta zauna a zaure, ta jingina da bangon tafukan hannu.

"Yaya, tashi."

"A nan aka haife ni."

"A nan aka haife ni ni ma. Tashi, don Allah. In ƙofar ta tafi, bangon nan zai bi ta."

"Na sani, ai ba jiya aka yaye ni ba. Ka tabbata ba wata hanya?"

"Ba ƙyaure, ba mayaƙa. In suka shigo, kafin azahar babu Taramniya."

Ta miƙe da ƙyar. Ta ɗora hannunta a kan tafin ubansu, na takwas, ta ɗan jima. Sannan ta ɗaure zaninta tamau ta fita. Ba ta bi mata yamma ba. Ta je ta kama igiya a gaban magina.

"In za a kashe gidan ubana, da hannuna za a kashe shi. Kai magini, matsa can, kana riƙe igiya kamar mai tatsar akuya."

Kaura ya shigo kamar iska, bai ko waiwaya ba, ya nufi cikin gari. Mahaya suka biyo shi a tarwatse. Arzika ya tsaya a tsakiyar hanya, hannu a sama, yana kallon dakaru suna gudu cikin taɓo. Ya san da yawansu, ya gina wa iyayensu ɗakuna. Magina suna ta kiransa ya ba da izini, ya ƙi. Ya jira na kusa suka shige, ya jira wani gurgu da abokinsa ke ja. Akwai wasu can baya da ba za su iso ba, ya gani, ya kawar da kai. Dawakin Ƙirya suka cika bakin ƙofa, sahu na farko ya wuce, na biyu, na uku.

Ya sauke hannu. "Ku ja!"

Igiyoyi suka miƙe. Kututture biyu suka zame, sauran suka ƙi. Tasalla ta yi wata irin tsawa, aka sake ja. Sai bakan ƙofar ya yi ƙara kamar saniya mai naƙuda, ya tsage daga tsakiya, ya zubo gaba ɗaya a kan mahaya da dawakinsu. Ƙasa ta girgiza. Bangon arewa ya tsaya kamar yana shawara, sannan ya karkata ya bi ta, zaure ya bi bango, soro ya bi zaure, har ɗakin Nomau. Inda ƙofa da gida suke, sai tudun jar laka wanda doki ba ya hawa.

Waɗanda suka riga suka shigo ba su kai ashirin ba. Maharba da maƙera da mahauta suka rufe su, wasu aka kashe, wasu aka kama. Na waje suka cunkushe tsakanin tudun da gwalalo mai ruwa, 'yan baka suka yi ta zuba musu kibau daga saman ganuwa. Kafin azahar Sarkin Ƙirya ya juya, ya bar mutum fiye da ɗari a bakin Taramniya.

Da la'asar Sarki ya kira majalisa a nan gindin tudun, domin ya ce ba zai koma fada ba sai ya ji yadda aka yi. Kaura ya dawo, ya sake riga, ya sake rawani. Shi ya fara magana.

"Allah ya ba ka nasara, dabarar yaƙi ce. Da gangan na juyo don in jawo su cikin matsi, kuma sun biyo. Amma akwai maganar da ba za a bari ba. Ƙofar birni ta faɗi a hannun Sarkin Magina kwana biyu da gama ta. Allah ne ya sa ta faɗi a kan abokan gaba, da a kan Sarki ta faɗi fa? Kowa ya san al'adar gidansu. Sarauta ta bar shi."

Wasu fadawa suka fara cewa haka ne, amma da sanyin murya. Arzika kuwa yana durƙushe, laka har gira, yana kallon wata azarar ɗakinsa da ta leƙo daga cikin tudun.

Sai aka ji dariya daga cikin kamammu. Cindo ne, manzon nan, ɗaure da igiya, jan rawaninsa ya tafi, kansa na jini.

"Dabara!" ya ce. "Sarkin Taramniya, ka bar ni in faɗi wannan kafin ka sa a sare ni. Ni ne a bayan Kauranka. Na yi sukuwa a ƙasashe da yawa, ban taɓa ganin dokin da ya yi gudu irin nasa ba, har hular kansa ya bar mini a hanya. Shekara biyu muna neman hanyar shiga garin nan, muka rasa. Sai ubangijina ya ce, ku bar ganuwarsu, ku taɓa girman kansu, da hannunsu za su buɗe. Kalma ɗaya na faɗa. Ƙofar kuwa ba faɗuwa ta yi ba. Na ga igiya, na ga wata tsohuwa tana ja."

Sarki ya daɗe kansa a ƙasa. Shi ma yana saman ganuwa, ya ga duk abin da manzon ya gani, kuma ya san wanda kalmar ta fara kamawa.

"Sarkin Magina," ya ce, ya kuma ɗaga murya yadda kowa zai ji sarautar. "Ka faɗa mini, ban ji ba. Laifin nawa ne kafin na kowa. Gidanka ya tafi a kan garina. Ga gidan Kaura, soro biyu, daga yau naka ne."



Arzika ya sa goshi a ƙasa. "Allah ya ja zamanin Sarki, na gode. Amma na san gidan. Baƙin magina ya ɗauko suka yi masa, zane a waje, ɓaraka a ciki. Ba zai ga damina uku ba. Ba na kai Yaya can."

Wani ya yi dariya ya haɗiye.

"To me kake so?"

"Ƙasar nan, ranka ya daɗe. Kada a kwashe ta. In an fitar da gawawwaki an binne, a bar mini ita. Ƙasar kakannina ce, ta fi duk wadda za a haƙo. In aka jiƙa ta aka tattake, za ta sake tashi, ƙofa da gida, bango ɗaya. Sai dai maginana hannuwansu sun tsage da igiya, sun gaji. Aikin tattaka kuwa yana son mutane masu ƙiba, waɗanda suka huta."

Bai dubi kowa ba da ya faɗi haka. Sarki ne ya dubi hagunsa, ya bi sahun fadawa da ido ɗaya bayan ɗaya.

"Duk wanda ya ce haka ne ranar da aka yanke maganar ƙofar nan," in ji Sarki, "gobe da hantsi ya zo nan." Sannan ya ƙara da cewa, "Ni ma zan zo."

Washegari mutanen Taramniya suka cika saman ganuwa, har da masu goyo. A gefen tudun an buɗe fili an zuba ruwa. Sarki ya shiga ya yi taki bakwai, Arzika ya roƙe shi ya fito, ya fito. Sauran aka bar su. Galadima yana rungume da wani bafade kada ya faɗi. Mai duban fada ya zame ya zauna daɓas. Kaura Barmo yana tsakiya, ya naɗe wando har cinya, gemunsa ya yi faca-faca da laka, yana haki.

Tasalla tana zaune a kan turmi da sanda a hannu. "Barmo, ɗaga ƙafa! Rawa aka ce ka yi? Jiya ai da sauri ka iya."

Da rana ta take, Kaura ya tsaya ya dafa gwiwa. "Sarkin Magina," ya ce, "ai ta yi haka nan."

Arzika ya zo bakin filin ya tsuguna. Ya ɗebo laka daga gindin ƙafar Kaura, ya matsa ta a tafinsa, ya shinshina, ya murza ta tsakanin yatsu. Sannan ya jefar da ita inda ya ɗebo ta.

"Da saura," ya ce. "Kwana shida. A ƙara ruwa."